Zauna, zaune, zaunar: yadda na bi sawun kalma ɗaya ta Helenanci

Ranar Litinin Malam ya rubuta kalmar a allo ya ja mata layi biyu a ƙasa: συνεκάθισεν. Da bakinmu, sunekathisen. Ya ce daga Afisawa 2:6 ya ɗauko ta, kuma ranar Juma'a yana so kowa ya zo da abu huɗu: asalin aikatau ɗin kamar yadda yake a ƙamus, da lokacinsa, da wanda ya aikata, da fassararsa a harshen da mutum ya sha a nono. Wannan na ƙarshe ya fi nanatawa. Ya ce kada wanda ya kwafo masa abin da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa ko na Turanci, domin ya riga mu saninsu.

A lokacin muna zango na biyu na koyon Helenanci, wato Girkancin dā, a wata makarantar tauhidi a ƙasar Filato. Haruffa 24 sun zauna mini, ina kuma iya jero sunaye da aikatau masu sauƙi. Ni mutumin ƙasar Katsina ne, wajen Malumfashi, da Hausa na tashi, amma duk littattafan nahawun da ke hannunmu da Turanci aka rubuta su. Kowace kalma sai ta biya ta Turanci kafin ta iso gida. Har zuwa wannan mako ban taɓa lura cewa zagaye nake yi ba.

Da dare na buɗe jerin kalmomin da ke bayan littafina, na nufi waɗanda suka fara da συν. Na san sun tana nufin "tare". Na bi da yatsa: ga sunedrion, ga suneidesis, ga sunerkomai. Tawa babu. Na koma sama na sake sauka, har sau uku. Na kwana da zaton ko an manta da ita wajen ɗab'i.

Da safe na tari Malam a bakin ofishinsa na ce, "Malam, kalmar nan ba ta cikin ƙamus."

Ya ce, "Tana nan. Da kayan fita ka je nemanta, ita kuwa ƙamus da kayan gida ya san ta. Tuɓe mata ɗaya bayan ɗaya, ka fara ta ƙeya."

Haka na yi. Harafin ν na ƙarshe ba na asali ba ne, ana liƙa shi ne don baki ya ji daɗin wucewa, musamman in wasali ne ke biye. Na cire shi. Wasalin ε da ya rage a ƙeya yana nuna mutum ɗaya ne ya yi aikin, wato "shi" ko "ita". Harafin σ da ke gabansa alama ce ta lokacin da masana ke kira awuris, wanda ke kallon aiki a dunƙule, kamar yadda muke cewa "ya tafi", ba "yana tafiya" ba. A irin waɗannan aikatau, σ ɗin nan yakan ture ζ ya maye gurbinsa, don haka na mayar da ζ. Sai na juya goshi. Tsakanin συν da καθ akwai wani ε, shi ne wasalin da Helenawa ke sa wa aikatau a goshi don nuna aikin ya shuɗe. Na zare shi. Abin da ya rage a takardata shi ne συν da καθίζω, suna fuskantar juna babu komai a tsakani.

Nan ne sirrin ɓatan kalmar yake. In ν ya yi karo da κ kai tsaye, Helenawa sukan rubuta shi da γ. Saboda haka kalmar a ƙamus συγκαθίζω ce, kuma tana can shafuka da dama kafin inda nake ta laluben banza. A ido γ ne, a baki kuwa sautin hanci ne na can bayan harshe, irin wanda muke yi a "hankali" ko "banki". Wasalin shuɗewa ne ya shiga tsakani ya raba su, shi ya sa ν ya dawo da kamanninsa a sunekathisen.

A unguwar da nake haya akwai wani tela, mahaddacin Alƙur'ani, da mukan zauna a shagonsa bayan la'asar. Da na nuna masa takardata na bayyana masa ƙa'idar, cewa ν yana zama μ a gaban β da π, yana zama λ a gaban λ, yana komawa baya a gaban κ, sai ya ajiye almakashi ya ce, "Ai wannan hukuncin nunun sakina ne. A gaban ba ta juye mimun, a gaban lam ta narke, a gaban kaf ta ɓuya." Sannan ya ce in faɗi "gidan Bala" da sauri. Na faɗa, na ji "gidam Bala". Ya ce in faɗi "ɗan Ladi". Na ji "ɗal Ladi". Abin da na kwashe wata biyu ina haddacewa daga jadawalin Turanci, bakina na yinsa tun ina goye. Daga baya na ga cewa su kansu marubutan dā ba kullum suke bin ƙa'idar a rubuce ba, har bugun Sabon Alkawari da Westcott da Hort suka fitar a 1881 ya bar ν a wurinsa a wannan kalma. Mu ma haka muke, muna rubuta "gidan Bala" muna furta wani abu dabam.

Saura tambaya guda da ta tsaya mini a rai. An koya mana cewa wasalin shuɗewa yana shiga ne bayan duk wani ɗafa-goshi, dab da saiwar aikatau. Katabaino, wato sauka, yakan koma kateben. To ai καθ ɗin da ke cikin kathizo shi ma kata ne, mai nufin "ƙasa". Me ya sa wasalin ya tsaya a gabansa bai wuce bayansa ba? Amsar tana cikin tarihin kalmar. Asalin aikatau ɗin hizo ne, ἵζω. Da kata ta manne masa, wasalinta na ƙarshe ya faɗi, τ ya haɗu da hucin h ya zama θ. A hankali hizo shi kaɗai ya ja baya daga bakin mutane, ya fi zama a waƙoƙi, har aka daina jin kathizo a matsayin kalma biyu. Sai aka riƙa sa wasalin a gaban duka: ekathisa. Haka ya faru da katheudo, yin barci. Da na karanta wannan, alƙalamin da ke hannuna na kalla. "Al" ɗin da ke goshinsa a Larabci abu ne mai zaman kansa, amma wane Bahaushe ne ke jin haka? Muna cewa alƙaluma, alƙalaminsa, mun haɗiye shi ya zama jikin kalmar.

Shi kansa h ɗin nan a dā s ne. Saiwar ita ce sed, wadda Latinanci ya riƙe a sedere, zama. Helenanci ya mayar da s na farkon kalma ya zama huci, shi ya sa bakwai take hepta a wurinsu, septem a wurin Romawa. Ɗan Katsina da ya tashi yana jin "hita" da "tahi" inda Bakano ke cewa "fita" da "tafi" ba zai yi mamakin baƙi ya narke ya zama h ba. Daga wannan saiwa aka sami hedra, mazauni, da kathedra, kujera, wadda Turawa suka ɗauka suka raɗa wa babbar majami'ar da kujerar bishop take ciki.

Ranar Laraba na ɗauka aiki ya ƙare, sai na ga wata kalma a saman tawa a ƙamus, kamar tagwaye: συγκάθημαι, sunkathemai. Turancin da ke gaban kowacce kusan iri ɗaya ne, zama tare da wani. Na yi ta juya su ban ga abin da ya raba su ba. Kowacce sau biyu ta zo a Sabon Alkawari, don haka na rubuta wuraren huɗu a takarda ɗaya, na soma fassara su da Hausa kai tsaye, na ajiye Turanci gefe.

Na fara da Luka 22:55, daren da aka kama Yesu. An hura wuta a tsakar gidan babban firist. Luka ya ce sunkathisanton, daga sunkathizo, nan take kuma ya ce ekatheto, daga kathemai, game da Bitrus. Hannuna da kansa ya rubuta: "Da suka hura wuta a tsakar gida suka zazzauna tare, Bitrus na zaune a tsakiyarsu." Na tsaya ina kallon abin da na rubuta. Suka zazzauna. Yana zaune. Ɗaya motsi ne, mutum na tsaye ya kai jikinsa ƙasa. Ɗayan hali ne, an riga an zauna ana nan. Turanci yakan rufe su da kalma ɗaya, sai ya bi da wasu ƙananan kalmomi in yana son rabewa. Hausa kuwa a jikin kalmar take rabewa, kamar yadda Helenanci ya yi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Daga nan komai ya shiga layi. Kathemai ba ya da awuris, kuma da siga ɗaya tak ake jero shi, irin wadda ke nuna abin ya tsaya a kan mai shi: kathemai, kathesai, kathetai, kathemetha, kathesthe, kathentai. Dā ina ganin wannan tawaya ce da sai dai a haddace. Yanzu na gane hali ba ya aukuwa farat ɗaya, shi ya sa "zaune" namu ma ba ya tafiya sai da "yana" ko "yake". Markus 14:54 ya tabbatar mini. Ya ce en sunkathemenos, kalma biyu, ta farko "ya kasance", ta biyu mai nuna halin da ake ciki. In ka jera su da Hausa, "yana zaune tare" ke nan, ba ragi ba ƙari. Markus bai ƙoshi da sun ɗin da ke jikin aikatau ba, ya ƙara meta, wata kalmar mai nufin "tare da", kafin ya ambaci dogarai. Sau biyu ya faɗa mana da wa Bitrus ke zaune, yana jin ɗumi. Kalmar da ya kira wutar da ita kuma fos ce, haske, kuma ba a jima ba wata baranya ta dube shi ta gane shi.

Abin da ya fi taɓa ni yana aya ta gaba. Markus 14:55 ta ce manyan firistoci da dukan sunedrion suna neman shaida a kan Yesu. Sunedrion sun ce da hedra, zama tare. Ita ce Yahudawa suka ara suka mayar Sanhedrin. Mu ma da muka rasa sunan irin wannan taro, majlis muka aro daga Larabci, daga jalasa, ya zauna, muka ce majalisa. Ga zama biyu a gida ɗaya a dare ɗaya, aya na bin aya: na manya a ciki, na bayi a bakin wuta, Bitrus kuma ya zaɓi inda ya zauna. Na sha karanta wannan wuri tun ina yaro, ban taɓa jin amon da ke tsakanin kalmomin biyu ba sai ranar.

Wuri na uku bai ba ni wuya ba. Ayyukan Manzanni 26:30, a Kaisariya, bayan Bulus ya gama kare kansa: sarki Agaribas ya tashi, da gwamna, da Barniki, da hoi sunkathemenoi autois, waɗanda ke zaune tare da su. 'Yan majalisa, mu ce.

Na huɗu shi ne aikin da aka ba ni, kuma a nan ne "zauna" ta ƙi shiga. Wanda ya aikata Allah ne, tun daga aya ta 4. In na ce "ya zauna tare", to Allah ne ya zauna, ba shi ne nufin ba. Na koma aya ta 5 na ga hemas, "mu", a sigar karɓau, tana jiran aikatau uku da suka biyo ta, kowanne da sun a goshi: sunezoopoiesen, sunegeiren, sunekathisen. Rayarwa tare, tayarwa tare, sai tawa. Ashe kathizo fuska biyu gare shi. A Luka ƙi-karɓau ne, mutane sun zauna da kansu. A Afisawa so-karɓau ne, wani ya ɗauki wani ya ajiye shi a mazauni. Haka ma yake a 1:20 na wannan wasiƙa, inda aka ce Allah ya kai Almasihu ga damansa. A nan Hausa ta fi Helenancin ma fayyacewa, domin muna da siga ta musamman: zaunar da. Na rubuta kalmomi uku a saman shafi, zauna, zaune, zaunar, na raba aikatau biyun a ƙarƙashinsu.

Ranar Alhamis na shiga laburare don in tabbatar, na sauko da babban ƙamus na Liddell da Scott, wanda aka fara bugawa a 1843, bugu na tara kuma ya kammala a 1940. Sai da hannu biyu ake ɗaga shi. A ƙarƙashin sunkathemai na tarar kalmar ta girmi Sabon Alkawari da fiye da shekara 400, kuma ta yi yawo. Ƙamus ɗin lambobin wurare kawai yake bayarwa, sai ka je ka nemo labarin da kanka, ni kuwa na nema har aka zo rufe ƙofa.

A wani wasan ban dariya na Aristofanis da aka yi a Atina a shekara ta 422 kafin haihuwar Almasihu, wani bawa ya ba da labarin mafarkinsa: ya ga tumaki zaune tare a tudun Finikis, inda jama'ar birnin ke taron yanke shawara, kowace da sanda da mayafi. Marubucin tarihi Tukididis ya kawo ta a taron sulhu da aka yi a Mantiniya a shekara ta 419, inda wani mutumin Koranti, Yufamidas, ya ce maganarsu ba ta dace da aikinsu ba: ga su zaune tare kan batun zaman lafiya, ga sojoji can sun ja daga da makamai. Tukididis da ξ yake rubuta ta, ksun maimakon sun, karin tsohuwar Atina ke nan. Wani marubucin tarihin, Zenofon, kuma ya yi amfani da ita a kan azzaluman nan talatin da suka riƙe Atina bayan ta sha kashi a hannun Sparta. Washegarin da aka ci su da yaƙi, ya ce suna zaune tare a zauren majalisa, jiki a sanyaye, kowa ya watse ya bar su. Sunekathento en to sunedrio: aikatau da sunan wurin duka da sun a goshi.

Amma wanda ya riƙe ni shi ne marubucin tarihi Hirodotus, littafi na 3, sashe na 68. Shi da karin Iyoniya yake rubutu, inda hucin h ya ɓace, don haka a wurinsa kalmar sunkatemai ce, da τ. Labarin a Farisa ya faru, a shekara ta 522 kafin haihuwar Almasihu. Bayan mutuwar sarki Kambisis, wani ya hau gadon sarauta yana cewa shi ne Simardis ɗan Sairus, ya kuma gaje matan Kambisis duka. Wani babban mutum, Otanis, ya yi shakka. 'Yarsa Faidime na cikin matan. Ya aika mata ta tambayi Atossa, 'yar Sairus, domin ita ba za ta kasa gane ɗan'uwanta ba. Faidime ta mayar da amsa cewa ba ta da halin magana da Atossa, ba ta ma ganin ko ɗaya daga cikin ton sunkatemenon gunaikon, domin tun da mutumin ya karɓi mulki ya warwatsa su, kowacce a nata wurin. Ƙamus ya fassara da dogon Turanci, masu zama a sashe ɗaya na gida. Ni kuwa kalma biyu suka zo mini: abokan zama. Sunan da mace mai kunya ke kiran kishiyarta da shi, shi ne a bakin wata Bafarisa a rubutun Bahelene.

Ranar Juma'a na tashi na karanta nawa: daga sunkathizo, awuris, mutum na uku tilo, so-karɓau. "Ya tashe mu tare, ya zaunar da mu tare a cikin sammai, cikin Almasihu Yesu." Wani ɗan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce tare da wa? Malam ya ce aya ta 5 ta ambaci Almasihu dab da aikatau na farko, kuma shi ne ma'anar da ta fi kusa, amma rabin surar na biyu magana yake kan Yahudawa da al'ummai da aka haɗa su jiki ɗaya, don haka mai karatu da hankali zai ji wannan ma. Sannan ya juyo wurina ya ce, "Zaune da zauna ɗinka sun yi kyau, amma kada ka gina katanga a tsakaninsu. Buɗe Markus 12:36." Na buɗe. Kathou ek deksion mou, daga kathemai, kuma ba abin da zai fassara shi sai "zauna a damana". A zamanin Sabon Alkawari iyakar ta soma sassautawa. Na rubuta wannan a gefen shafin, ƙarƙashin kalmomina uku.

Da aka yi hutu na je gida. Kakata, da muke kira Iya, ta yi shekaru masu yawa gida ɗaya da abokiyar zamanta kafin waccan ta rasu, kuma ban taɓa jin ta kira ta kishiya ba. Da daddare muna tsakar gida ta ce, "Kai ɗan nan, me ake koya maku ne a can?" Na ba ta labarin Faidime. Na gaya mata yadda uban ya sake aikawa ya ce ta shafa kan mutumin in ya yi barci, domin mutumin da yake zargi, sarki Sairus ya taɓa sa an yanke masa kunnuwa. Na gaya mata Hirodotus ya ce matan Farisawa bi da bi suke zuwa wurin miji.

Ta ce, "Su ma da ranar girki ke nan."

Na ce, "Haka ne, Iya. Da kwananta ya zagayo ta shafa, ta ji ba kunne, da safe ta aika wa ubanta. Mutum bakwai suka haɗa kai suka kashe shi, Dariyus ya zama sarki."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yarinyar fa? Ta tsira?"

Na ce ta tsira. Dariyus ya auri Atossa, ya kuma riƙe 'yar Otanis.

"To, an mayar da su gida ɗaya ke nan," in ji ta. Ta gyara itacen murhu ta ce in sake faɗa mata kalmar. Na faɗa a hankali, sunkatemai. Ta maimaita sau biyu, a na biyun ta faɗe ta daidai.